Likitar Bayan Labule

Ina tsaye gaban matan Faru, hannun hagu a sama, na dama a ƙirji, ina nuna musu yadda mace za ta laluba mamanta da kanta bayan ta fito wanka, sai waya ta hau ruri a aljihun farar rigata. Na kashe, ta sake. Na kuma kashewa, ta ƙi haƙura. Wata tsohuwa mai bakin tsiya da ke gaba-gaba ta ce, "Likita, ɗauki mana, ƙila mai gida na ya rasa inda anka aje gishiri." Aka kwashe da dariya. Na bar wa Sista Margaret sauran bayanin, na zaga bayan ɗakin shan magani ina tsaki.

Amira ce, autarmu. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Yaya Nazifa, gobe Dakko za ku zo ko?"

"In Allah ya yarda. A kan wannan kika tashe ni tsakiyar aiki?"

"Akwai abu a jikin Inna. A mama, na hagu. Jiya zazzaɓi ya kayar da ita, na kama mata wanka, shi ne na gani. Yaya, wurin ya yi tauri awa ɗanyar gwaiba, fatar ta shige ciki. Wani baƙin magani take shafawa. Ta ce in na hwaɗa wa waccan ba ta yafe ba."

Waccan ɗin ni ce.

Ni ce 'yar farin Taibatu. Gidanmu gidan Fulani ne da suka zauna a Dakko suka rungumi noma, kuma kunyar ɗan fari a wurinmu ba wasa ba ce. Ana yaye ni kaka ta ɗauke ni. Na tashi ina jin ƙannen mahaifiyata suna ce mata Adda, na bi bakinsu, har yau Adda nake cewa, alhali duk ƙannena Inna suke ce mata. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In magana ta zama dole sai ta dubi wani ta ce, "A ce wa waccan kaza." Ranar da na gama karatun likita duk garin aka yi ta guɗa, ita kuwa ta shige ɗaki tana tsince wake. Mutane suka ce ka ga mace mai tarbiyya. Ni dai gaskiya abin yana ci mini rai tun ina yarinya, girma kuma bai rage mini komai ba.

Ga kuma inda abin ya fi ban haushi. Ni likita ce a sashen tiyata na asibitin koyarwa na jami'a, ina kan neman ƙwarewa, kuma binciken da zan kare gaban malamaina tambaya ɗaya ce: me ke sa matan karkara makara da ciwon dajin mama, sai ya fashe sannan a kwaso su zuwa asibiti? A kan wannan tambayar muka baro birni da mota guda, ni da malamina Farfesa Tijjani, da Sista Margaret, da ɗalibanmu masu koyon aiki, da 'yar na'urar hoto mai kama da akwati. Muka yada zango a Talata Mafara, kullum da safe mu fita ƙauye, mu koya wa mata, mu duba su, wadda muka ga abu a jikinta mu ɗebi ɗan nama da allura don a gwada a birni. Na yi ta bin matan mutane ina tambayarsu dalilin ɓoyo, ashe tawa uwar na gida tana shafa baƙin magani.

Yadda na ƙarasa aikin Faru ban sani ba. Wani ɗalibi ya tambaye ni abu, na daka masa tsawar da sai da na ba shi haƙuri daga baya. A mota na kasa zama wuri ɗaya, in juya nan in juya can, in duba waya in mayar. Murtala direba yana ta sheƙa gudu don kada la'asar ta same mu a hanyar Maradun, don a shekarun nan babu mai hankalin da ke bari yamma ta yi masa a wannan hanya. Muna wuce magudanan ruwan Bakolori ana ta yankan shinkafar rani, wani ɗalibi ɗan Kano yana cewa kai, wurin nan da kyau. Na ji kamar in maƙure shi.

Muna sauka a masauki na tari Farfesa na gaya masa. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Kawo ta gobe," ya ce. "In abin da nake zato ne, ba sai mun jira sakamako ba, mu wuce da ita birni a motar nan. Amma Dakta Nazifa, kin san gobe ce ranar ƙarshe. Na'ura za ta koma, ba mu da wata fita sai bayan damina, shi ma in hanya ta yi kyau. Kuma la'asar ba za ta same ni a Dakko ba, 'ya'yan mutane ne a motar nan."

Na ce na sani. Bayan damina kuwa, ni da shi duk mun san abin da wannan ciwo yake yi a wata biyar ko shida.

Bayan magariba Sista Margaret ta same ni a baranda ina kai da kawowa, ta ajiye mini kwanon dankali da ƙuli. Margaret haifaffiyar Mafara ce, aikin madatsar ruwa ya kawo mahaifinta tun kafin a haife ta, kuma Zamfarancin bakinta ya fi nawa, don ni birni ya goge mini harshe. Ta girme ni nesa ba kusa ba, shi ya sa take faɗa mini abin da ta ga dama.

"Zamna ki ci," ta ce. "Kin sa ni juwa. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ke da kike ce wa ɗalibai a bi mara lahiya a hankali?"

"Sista, gobe zan shiga gidan nan in ce ta buɗe in gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Wankan wa? Uwarki ta hwa. In kika yi mata haka gaban mutane, wallahi ko Farfesa ya kwana Dakko ba ki ganin ƙirjin nan."

Na ce to ita kunyar ce za ta warkar da ita? Margaret ta tura mini kwanon. Na ci loma biyu na tashi na ci gaba da zagayen baranda.

Da safe muka kama hanyar Bakura, muka sauka a Dakko. Garinmu ne, amma ban taɓa jin gaisuwa ta gundure ni ba irin ta ranar. Maigari ya fito da jama'arsa aka shimfiɗa tabarmi. An tashi lahiya? Ya gajiya? Ya zahi? Ya mutanen birni? Ya hanya? Ya ɗiya? Ya aiki? Farfesa na amsawa ɗaya bayan ɗaya da murmushi, shi ma ya juyo ya tambayi shanu, ya tambayi shinkafa, ya tambayi ƙafar Maigari da ke ciwo. Da aka zo ƙarshe sai wani dattijo ya iso a makare aka koma farko. Ni ina durƙushe gefe ina kallon inuwar bishiyar bedi tana janyewa.

Mata kuwa sun fito, ba a magana. Kowa na son ganin ɗiyar Taibatu da farar riga. Waɗanda suka goya ni, waɗanda suka taɓa zane ni a kan satar mangwaro, duk suka shigo ƙaramin asibitin garin suna buɗe mini ƙirji ba ko ɗar, suna tsokana ta. Wata ta ce hannuna sanyi kamar na kwaɗo. Ina dubawa ina koya wa ɗalibai mata inda za su danna, amma idona na kan ƙofa. Duk wadda ta ɗaga labule sai in ɗago in duba. Matan unguwarmu kaf suka zo suka wuce, ban da Adda.

Rana ta take tsaka na ga Amira a bakin taga. Na ce ina Adda? Ta ce tana gida tana shanya shinkafa, ta ce ita lafiyarta ƙalau. Na cire safar hannu na wurgar, na fita ko mayafi ban gyara ba, Amira na biye da ni. Na ji Margaret na kira na, na yi kamar ban ji ba.

Na same ta tsakar gida tana baza dafaffiyar shinkafa a kan tabarma. Gwaggo Nagode, ƙanwar marigayi babanmu, na zaune bakin rumbu da wasu maƙwabta biyu. Abin da na fara gani shi ne hannu: da dama kaɗai take aiki, na hagun ta manne shi a jiki kamar mai riƙe da abu a hammata. Ta rame. Na durƙusa na gaishe ta.

"Lahiya lau," ta ce wa shinkafar. Sannan ta ɗaga murya, "Amira, a ba baƙi ruwa."

Baƙi! Kai, nan ne raina ya ɓaci. Duk abin da Margaret ta faɗa mini ya bi iska.

"Adda, ba ruwa na zo sha ba. Na san abin da ke jikinki. Ki tashi mu shiga ɗaki ki buɗe in gani, ko ki biyo ni asibiti. Motarmu za ta tashi kafin la'asar. Wannan abin kisa yake yi, Adda, kisa! Kunya ba ta taɓa warkar da kowa ba."

Adda ba ta dube ni ba. Ta ajiye ƙoryar a hankali, ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta shige ɗaki ta jawo ƙyaure. Na ji ƙarar sakata.

Gwaggo Nagode ta tafa hannu tana salati. "Yau na ga abin da ya ishe ni! Boko ya cinye miki kunya, Nazifa? Ɗiyar fari ta ce wa uwa buɗe in gani, gaban mutane? To ko ba wannan ba, wa ya ce miki ana taɓa daji da ƙarfe? Daji ba ya son allura, kowa ya sani. Ana soka mishi ya watsu."

Na ce, "Gwaggo, waɗanda ba a soka wa ba suna ina? Ba suna maƙabarta ba?" Maƙwabtan suka ja mayafi suka rufe baki. Amira ta fashe da kuka, don ta san yanzu asirinta ya tonu. Na tsaya bakin ƙyauren na ce Adda, Adda, har muryata ta dushe. Na juya na koma asibiti, ina tafe ina zagin kaina, ina zagin al'ada, ina zagin rana.

Margaret na ganin fuskata ta ce, "Kin yi ke nan." Na ce na yi. Muka tsaya mu uku da Farfesa a bayan ɗaki muna juya maganar. Farfesa namiji ne, ko wuƙa aka sa wa Adda a wuya ba za ta buɗe masa ƙirji ba. Margaret za ta iya lalubawa, amma ɗibar nama da allura aikin likita ne, ɗalibai kuwa ba a ba su wannan ba tukuna. Likita mace guda ɗaya ce tak a motar nan, ita ce kuma wadda aka rufe wa ƙofa. Farfesa ya dubi agogo, ya dube ni. Da ma ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Margaret ta yafa gyalenta. "Bari in tai in gaida Taibatu," ta ce. "Ke kuma ki koma ga matan mutane, kada in ga ƙafarki a waje."

Na koma. Aka kira azahar muka yi salla, ban san me na karanta ba. Layin mata ya ƙare. Ɗalibai suka fara naɗe tabarmi suna kai kaya mota. Na hana a ɗauki na'urar hoto, na zauna a kan akwatinta kamar kaza a kan ƙwai. Murtala ya buɗe gaban mota ya zuba ruwa, ya rufe, ya tayar da inji ya kashe. Ya leƙo ya ce, "Dakta, rana fa ta karkata." Na ce ina da ido. Na fita bakin hanya na dawo, na sake fita. Wani mai babur ya zo daga wajen Bakura, mutane suka kewaye shi suna tambayar yadda ya baro hanya, ya ce lafiya dai zuwa yanzu.

Can sai ga Margaret ita kaɗai, da wani zanen saƙi mai kauri a kafaɗa. Na san zanen, na Adda ne na zuwa biki.

"Ta ƙi ko?"

"Za ta zo. Amma da sharaɗi. A samo igiya."

"Igiyar me?"

"Ta ce a rataya wanga zane bisa gado, ya raba kanta da jikinta. Ta ce in akwai labule ita ba ta san wa ke bayanshi ba, likita ta dai gwamnati ta aiko. Ni ban kawo wagga dabara ba, ita ta kawo ta, bayan ta gama shanya ni da gaisuwa. Ke ki fita ta ƙofar baya, sai na kira ki. Kuma Nazifa, don Allah, in kin shigo ki bar ɗiyar Taibatu a waje."

Muka ɗaura igiyar shanya daga taga zuwa ƙusar bango, Margaret ta ƙulle ta. Na fita baya na jingina da bango. Na ji shigowarta, na ji ƙarar gadon ƙarfe, na ji Margaret na cewa sannu, a hankali, ɗaga hannun. Sannan ta ce, "Likita, bismilla."

Na shiga. Zanen ya sauko daidai wuyanta. Ta wancan gefen Margaret na zaune wajen kanta, ta wannan gefen kuwa ƙirjin wata tsohuwa ne kawai, irin waɗanda na wuni ina dubawa. Haka na ce wa kaina. Na sa safar hannu. Na gyara murya na ɗauko Hausar asibitin birni, wadda nake yi wa kowace tsohuwa.

"Sannu Inna. Ya jiki?"

Sai da kalmar ta fita na ji ta. Tun da aka haife ni ban taɓa ce mata Inna ba.

"Da sauƙi, Likita," ta ce. "Sannunku da aiki. Ya gajiya? Ya kunka baro gida?"

"Lafiya lau, Inna. Zan taɓa wurin, in da zafi ki faɗa."

Na goge baƙin maganin da auduga. Ƙullutun ya cika tafin hannuna, tauri kamar dutse, ba ya motsi. Fatar ta yi ɗigo-ɗigo irin ta ɓawon lemo, kan maman ya shige ciki. Na zura yatsu a hammata na ji kaluluwa, ba ɗaya ba. Na ɗora na'ura na duba hoton, ya nuna mini abin da hannuna ya riga ya sani. A waje Murtala ya danna hon.

"Inna, tun yaushe kika fara jin shi?"

"Tun damanar bara, Likita. Lokacin awa ƙwayar gujiya yake."

Na rufe ido. Damanar bara na zo gida har sau biyu, na kawo mata atamfa.

"Haihuwa nawa kika yi?"

"Biyar. Da wata kahin su."

"Duk kin shayar?"

"Duka."

Tambayar da ta rage ita ce tawa, wadda na yi wa mata a Jangebe da Faru da ko'ina, har na iya yinta ina barci. Na so in tsallake ta. Bakina ya ƙi.

"Me ya hana ki zuwa asibiti tun yana ƙarami?"

"An ce daji ba ya son ƙarfe."

"Shi ke nan?"

Zanen ya ɗan motsa da numfashinta. Na ji Margaret ta gyara zama.

"Wannan maganar Nagode ta, ni ban ɗauke ta da nauyi ba," Adda ta ce. "Na tai asibitin Mafara lokacin kaka, ni ɗai, ba wanda ya sani. Malamar ta duba ta ce wanga ya fi ƙarfinsu, sai babban asibiti na birni, wurin masu tiyata. To Likita, akwai wadda ke aiki can, kuma wurin masu tiyatar take. In na tai, ita za a kira. Ina zan sa idona? Ita kuma ina za ta sa nata, a ce ga uwarta kwance tsirara gaban abokan aikinta? Sai na dawo gida."

Na dafa ƙarfen gadon. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na yi shekaru ina karatu don matan garinmu su samu mace a asibiti, ashe ni ce na tare wa uwata ƙofa. Na buɗe baki in ce wani abu, Margaret ta leƙo ta gefen zane ta zare mini ido. Na haɗiye.

"Inna," na ce, da ƙyar, "zan yi miki allurar kashe zafi, sannan in ɗebi ɗan nama kaɗan a gwada. Ƙarfe ne zai taɓa shi. Kin yarda?"

"Ki yi aikinki."

"Kuma ina so ki bi mu birni yau. Wataƙila sai an yi magani mai wahala. Wataƙila sai an cire maman gaba ɗaya."

"A cire," ta ce. "Ya gama aikinai. Ta farin nan ma shi ta fi so, in an ba ta na dama sai ta ture ta yi ta tsala ihu. Da rigima anka haife ta. Ranar da kakarta ta tahi da ita shi ya kwana yana zuba, ban gaya ma kowa ba."

Na ɗauki sirinji, na kasa saita bakin allurar. Hon ya sake tashi a waje, na ji Farfesa na ce wa Murtala ya isa haka.

"Likita," ta ce, "hannunki na rawa. Tsaya ya natsu. Ni ba ni sauri."

Na tsaya. Na ja numfashi, na yi bismilla, na soka. Na ɗebi naman na sa a kwalba, na danne wurin da auduga na manne. Na ce an gama, Inna, sannu da haƙuri. Ta ce Allah shi yi albarka, Allah shi ba ki ɗiya masu jin ƙanki. Sannan ta ce wa Margaret, "Wanga zane a naɗe shi a tai da shi, can ma za a so shi."

Na fita ta ƙofar baya don ta samu ta sa riga. Farfesa na tsaye a wurin. Na miƙa masa kwalbar, na nuna masa hoton. Ya duba ya daɗe, ya dube ni.

"Ya yi nisa," na ce.

"Ya yi nisa," ya ce. "Amma ba mu rasa abin yi ba. Je ki wanke fuska."

Na tsuguna bayan randar asibitin na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar babanmu, ina toshe baki da gefen farar riga kada ɗalibai su ji. Ban samu na ƙoshi da shi ba, don inuwa ta riga ta yi tsawo. Na watsa ruwa a fuska na zagayo.

Amira ta rugo da ƙullin kaya, za ta bi mu jinya. Gwaggo Nagode na bakin hanya tana ta faɗa, ba mai sauraronta. Ɗalibai sun matsa sun bar kujerar baya. Adda ta fito daga ɗakin da mayafinta, Margaret na biye da ita da naɗaɗɗen zane a hammata. Ta wuce ta gabana kamar ta wuce turmi. Ni kuma na tsaya riƙe da ƙofar mota ina tunanin ko in bi ta baya in zauna kusa da ita, ko hakan ma laifi ne.

Ta sa ƙafa ɗaya a mota ta tsaya, ta dubi Amira.

"A ce wa waccan ta shiga gaba," ta ce. "Bayan mota na sa ta amai tun tana ƙarama."

Na shiga gaba. Murtala ya ja mota.